Ranar da Inna A'i Ta Shanya Aikin 'Yarta

Duk wanda ya san Inna A'i mai man gyaɗa a Matameye ya san ta da shanya. Tun tana yarinya a Dungu ta tashi da aƙidar cewa abin da bai ga rana ba bai gama tsarkaka ba. Kuɓewa, tattasai, katifa, har zanin da ta sayo sabo fil, sai sun kwanta a tsakar gida. Da wannan hannun ta raini 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta, Malam Salisu.

Autarta Badariyya ce karatu ya ɗauke: daga makarantar lise zuwa jami'a a Yamai, daga nan sai Faransa. In mata sun zo awon mai suka tambayi aikin da take yi can, sai A'i ta ce, "Aikin likita ne, amma ba ta allura." Abin yana ci mata rai. A ce ka haifi mutum, ka kasa faɗin abin da ya raba ka da shi!

Da lokacin kaka ya yi, Badariyya ta zo hutu. Bayan an ci tuwo, A'i ta tsare ta.

"Auta, yau dai ki gaya mini da Hausa."

"Inna, rini nake haɗawa. Jikinmu ƙwayoyi ne ƙanana masu rai, ido ba ya ganinsu. Rinina yana shiga cikinsu ya kwanta shiru, ba ya kashe su. Sai na haska masa wata fitila a daidai inda nake so, ya farka ya yi ƙyalli, mu ga abin da ke tafiya ciki."

"Ashe marina kika je yi har ƙasar Turawa? Ga ta a Damagaram!"

Badariyya ta yi dariya. "Na zo miki da shi. Gobe in aro madubin ƙara girma a lise, mu ɓare fatar albasa, ki gani da idonki."

Da safe Badariyya ta fita aron madubin. A'i kuwa ta shiga ɗaki ta ji jakar Badariyya tana warin sanyin wata ƙasa. Ta fito da komai ta baza a tabarma. Can ƙasa ta tarar da wani abu naɗe da takardar gwangwani, naɗi kan naɗi. Ta warware: 'yar kwalba ce, ba ta kai yatsa ba. Ta ce a ranta, wannan ai ta fi kowa buƙatar iska. Ta ɗora ta bisa katanga, ta koma kan tuyar ƙuli.

Sai bayan azahar Badariyya ta dawo rungume da akwatin madubi. Ta hango katangar, ta tsaya cik. Ta ɗauki kwalbar ta ɗaga. Ruwan ya koɗe, ya zama kamar wankin shinkafa.

"Inna, rana ta tashe shi duka, ta kuma ƙone shi."

A'i ta goge hannu a zani, ta ce:

"Da hantsi na ga ya yi wani kore, kamar ɗanyen ganyen rake da ruwa ya taɓa. Har na tsaya kallo, ƙulina ya kusa ƙonewa."

"Shi ke nan, Inna. Shi ne. Sai dai ba a cikin albasar ba."

Hutu ya ƙare, Badariyya ta koma da alkawarin kawo wani. Damina biyu ke nan aiki bai sake ta ba.

A'i tana nan tana shanyarta. Amma ta kwashe kayan da ke cikin babbar kwallarta ta ƙarƙashin gado, ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a ciki, ta rufe. In jikoki suka kai hannu sai ta daka musu tsawa: "Kul! Masaukin baƙon Auta ne, ba ya son rana."

Yanzu in masu awon mai suka tambaya, tana da amsa. "Rini take yi, mai barci. Na taɓa ganin farkawarsa, ni kaɗai."