Kujerar Ikko da Hanyar Kalgo

Mun bar Gwandu ana sallame sallar asuba, ni da wani maƙwabcina mai fataucin goro da ke da buƙata a Birnin Kebbi. An kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf, hadari kuma bai gama watsewa ba. Ni dai a shekaruna ba na son tafiyar damina. Na yi ta da ƙuruciya har Kumasi, na yi ta har Hartum a hanyar Makka, gwiwoyina kuwa ba su manta ko ɗaya ba. Amma wannan tafiya ba ta ganin dama ba ce.

Ga abin da ya tashe ni. Ɗan yayana, wanda ke wakiltar mu a majalisar Ikko, babban birnin ƙasa can bakin teku, ya bugo mini wayar tangaraho daga Kaduna, masinja ya kawo ta a keke. Kun dai ji an naɗa Firayim Minista na ƙasa duka a bana, yana kuma haɗa ministocin da za su yi aiki tare da shi. To, manyan jam'iyya sun kira yaron sun ce ana duba sunansa, in ya yarda. Ya ce musu sai ya ji daga gida. Suka ce ya hanzarta, don ƙofar ba za ta daɗe a buɗe ba. Ya yi mini wannan bayani a taƙaice, ya rufe da cewa, "Baffa, ina jiran izini."

Yaro nake ce masa, ko da yake furfura ta fara masa a gemu. Shi ne ɗan farin yayana, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, in ya gaishe shi sai ya amsa yana duban wani wuri. Tun da aka yaye shi aka kawo shi Gwandu wurina. Ni na kai shi makarantar allo, ni na bari aka ɗauke shi ta boko, ni na yi masa aure. Duk da haka, da na karanta saƙon sai na ga abin ya fi ƙarfin bakina. Mutum zai kwashi iyali ya koma bakin teku, ya yi rantsuwa gaban Gwamna, ya zauna majalisa ɗaya da waɗanda ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. Na ce wannan magana ta babba ce, babban kuwa, wato yayana, yana Kalgo.

Mun sami babbar mota mai lodin gero, direbanta Bayarabe, ya ce sule biyu kowa zuwa Birni. Da na gaishe shi da harshensu sai ya rage mini sisi, ya kuma sa ni a gaba. Maƙwabcina ya hau kan buhuna yana gunaguni, wai ashe Yarbanci ma jari ne. Ba mu yi nisa da wuce Kambaza ba motar ta kafe a taɓo har gindinta. Kowa ya sauko. Muka tura, muka saro rassa muka shimfiɗa, muka sake turawa. Na san hanyoyin ƙasar Faransa ta wajen Dosso, ba su fi namu kyau ba. Bambancin kawai, can da bulala ake tara talakawa su gyara, nan kuwa matafiyi ke gyarawa da kafaɗarsa bayan ya biya kuɗin mota.

Muna zaune gindin wata tsamiya muna jiran injin ya huce, sai hirar ministoci ta tashi, don ba a da wata hira a ƙasar nan yanzu. Direba ya ce shi in ba a ba mutumin garinsu aikin hanyoyi ba, an yi taron banza. Wani Bazabarme mai sayar da tabarmi ya ce su ma can Yamai an naɗa musu ministoci bana, har yau haraji bai ragu da ko tamma ɗaya ba. Wata Bafillatana mai nono ta tambaye ni da Fillanci ko cikin ministocin akwai na shanu. Na ce za a sami mai duba noma da dabbobi. Ta ce ya taɓa kiwo? Na ce ban sani ba. Ta ce to, Allah ya tsare shanu. Muka sayi furarta, ta kwabo biyu ta cika ƙwarya, nonon kuwa mai kauri, ba irin na birane ba da ake wa wanka da ruwa. Ban gaya wa kowa abin da ya fito da ni ba.

Sai bayan magariba muka shiga Birni, jikinmu duk laka. Nan na rabu da maƙwabcina, na kwana gidan wani tsohon abokina. Da safe ruwa ya sake sauka, aka sa shinge a hanyar Jega, wadda ke bi ta Kalgo, kamar yadda ake yi in an yi ruwa, ba motar da za ta wuce sai ƙasa ta sha iska. Na zauna bakin shingen har rana ta take, mai gadi ya ce shi umarni aka ba shi. Da na ga haka sai na bi wasu masu jakuna da ke kai kanwa kudu, suka ɗora ni kan wani jaki mai ra'ayin kansa, wanda ba ya tafiya sai ya ga na gabansa ya yi nisa.

Duk gajiyar da mutum ke ciki, fadamar nan abin kallo ce a damina. Shinkafa ta yi kore shar iyakar ganinka, masunta suna tura kwalekwale da gora a tsakanin gonaki, hayaƙin bandar kifi yana tashi daga bukkoki. Na ga bakin kogin Nilu, na ga na Kwara, ban ga inda ƙasa ke ciyar da mutanenta cikin sauƙi kamar nan ba. Sauro ne kawai ke karɓar nasa ushirin ba tare da ya tambaya ba.

Na sami Malam, wato yayana, a zaure da ɗalibansa. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, amma muryata kawai ya ji ya gane ni. Aka shiga gaisuwa. Ya tambayi Gwandu gida gida, ya tambayi matattu ma yadda suka cika. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, dangi suka yi ta shigowa. Wanda ya san gidanmu ya san baƙo ba ya kwance maganarsa ranar da ya sauka, ƙane kuma ba ya katse wansa. Washegari na shirya bakina, sai ga labarin rasuwa daga Dangoma, wani tsohon almajirin mahaifinmu. Malam ya ce mu je tare. Ba a cewa a'a ga ta'aziyya. Muka tafi, muka wuni, na zauna cikin masu addu'a zuciyata tana Kaduna.

Sai wata safiya, bayan ɗalibai sun tashi, na same shi shi kaɗai yana jan carbi.

"Malam, a kan maganar yaron wurina na zo."

Bai ɗago ba. Na faɗa masa komai. Da na gama sai ya ce, "Su wa za shi zauna da su?"

Na ce daga ko'ina aka ɗebo su. Akwai na Arewa, akwai na Gabas da na Yamma, Musulmi da Kirista, har da mutanen jam'iyyun da jiya jiya suke zagin juna a kasuwa. Na ce masa abin kamar lodin kwalekwale ne. Mai jirgi ba ya duba wanda yake so, nauyi yake dubawa. In ya sa buhu a dama sai ya nemi na hagu, in ba haka ba kowa ya sha ruwa. Haka ake duba jiha, a duba lardi, a duba jam'iyya, kafin a zo kan wanda ya iya aikin. Na ce haka na ji mutanen Gana suka yi da aka ba su mulkin kansu, haka na Sudan, kowane yanki sai ya ga ɗansa a ciki kafin ya yarda gwamnati tasa ce.

"Wa ka naɗa su?"

"Firayim Minista ke zaɓa, Gwamna ya rantsar."

"Wa ka tuɓe su?"

"Wanda ya zaɓa. Ko ƙuri'a."

"Sarauta ba rawani, ba gado, kuma talaka na iya tuɓe ka." Ya girgiza kai. "Akwai masallaci inda za su zauna?"

Na ce akwai, na yi Juma'a a ciki ba sau ɗaya ba.

"To, mi kaz zo nema?"

"Izininka, Malam."

Nan ne ya ɗago ya dube ni da idon nan nasa marar ƙarfi. "Izinina? Ni ina da ɗa a majalisa? Ranar da anka yaye shi na ba ka shi, ban ce ma aro ba. Kai ya bugo ma waya, ba ni ba. Da ka ce shi tafi tun daga ƙofar gidanka, da ya isa."

Na tuna taɓon Kambaza, da shinge, da jakin nan. Yaro ya ƙi yanke wa kansa don girmama ni, ni na ƙi yankewa don girmama wana, wana kuwa yana ganin sa baki a maganar ɗan da ya bayar rashin kunya ne. Kowa ya yi ladabi, lokaci kuma yana ta tafiya.

Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, bai ambaci sunan kowa ba. Da ya shafa sai ya ce, "Tashi ka kama hanya, rana na yi." Bai taɓa sallamar baƙo da sauri haka ba.

Na sami motar gyaɗa da ta fito daga Jega, na isa Birni da azahar, na zarce gidan waya. Akawu ya ce kowace kalma da kuɗinta, kuma gajeren saƙo ya fi saurin tafiya. Na cire sallama, na cire gaisuwa, abin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Na bar masa, "Tafi. Allah ya yi albarka."

Daga nan na ratsa ɗakin karatu, inda ake ajiye akwatin rediyo, don na ga mutane sun yi cincirindo a ƙofa. Bayan la'asar mai labarai ya fara karanta sunayen ministoci da aikin da aka ba kowa. In an kira na Arewa sai a ji gunaguni na jin daɗi, in an kira na Kudu sai a tambayi juna yadda ake faɗin sunan. Na tsaya jingine da bango ina sauraro. Ya karanta na kuɗi, na hanyoyi, na lafiya, na ciniki, har ya kai ƙarshe ya shiga labarin farashin auduga.

Wani tela da ke kusa da ni ya ce, "Namu fa? Ba an ce har da namu ba?"

Wani ya amsa masa, "Kujerar an kai ta wani lardi."

Ban sani ba ko sun jira yaron har suka gaji, ko kuwa tun farko nauyin jirgin ne ya karkata aka sauke shi. Mai yiwuwa ko da na amsa ran da saƙo ya zo, haka za ta kasance. Na gaya wa kaina wannan sau da yawa a hanya, bai dai rage mini nauyin ƙirji ba.

Komawa ba ta ba mu wahala ba. Rana ta fito, hanya ta bushe, motar ta wuce wurin da muka kafe kamar ba a taɓa yin taɓo a nan ba. Maƙwabcina, wanda muka sake haɗuwa a tasha, ya sayar da goronsa da riba, yana ta ba ni labari, ni kuwa ina gyaɗa kai. Muka shiga Gwandu da yamma, shanu suna komowa.

Uwargidana, wadda ita ta goyi yaron, ta kawo mini ruwa ta tsuguna.

"Me Malam ya ce?"

"Ya ce ɗanmu ne, mu ke da magana."

Ta dube ni. "Wannan sai an je Kalgo?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga ciki.

Abin da na koyo a wannan tafiya, mulkin da ke zuwa mana ba ya jiran a gama gaisuwa. Mu mun saba magana mai nauyi sai ta kwana, ta zaga manya, kowa ya tura wa na gaba da shi. Can kuwa ana tambayarka da safe, da yamma an ba wani. Ban ce mu zubar da ladabinmu ba, don shi ne abin da na ga wasu ƙasashe sun rasa suna nema. Amma wanda aka ba amana ya san an ba shi, ya kuma yi aiki da ita ran da aka nema. Yaron zai ci gaba da zama a majalisa, kuma shekarunsa da saura, Allah ya sa rabonsa na gaba.

Malam ne ke cikin raina. Ba rediyo a zaurensa, ba wanda zai yi ƙarfin halin kai masa labarin ɗan farinsa, shi kuma har abada ba zai tambaya ba. Yana can yanzu yana jan carbi, yana yi wa wani minista addu'a ba tare da ya faɗi sunansa ba.