Faransancin da ya rage wa Kawu

Kawu, yayan Inna, direba ne a wani gida a unguwar Abhur, nan ƙasar Larabawa, amma a ransa ɗan wasan kwaikwayo ne. Sau ɗaya tak ya hau dandamali, a makarantarsu a Nijar, ina jin tun ba a haƙa teku ba. Wasan na wani Bafaranshe ne da ya mutu fiye da shekara ɗari. Aikin mutumin rubuta kalmomi, wani ya ɗora musu kiɗa, wasu su rera, a tafa wa kowa ban da shi.

"Kamar direba ke nan," in ji Kawu. "Ka kai su biki, ka jira a waje."

Duk Juma'a in ya zo gidanmu a unguwar Waziriyya sai mun yi wasan. Shi ne baƙo mai ƙwanƙwasa ƙofa yana waƙa a buɗe masa, ni ce matar gida mai amsawa daga ciki cewa ba ta nan. Labulen kicin ne ƙofar. Ba na jin Faransanci, Hausar tawa ma rabinta Larabci ce. Na dai haddace amsar kamar aku, ina toshe hanci ina kwarara ta har maƙwabta su zaci akuya ake yankawa.

"Ke ja'ira, kin sake kashe marubucin!"

"Halas, shi ke nan, ya Kawu, ai ya saba."

Akwai baiti na ƙarshe inda matar ke buɗe ƙofa. Ya ce ba zai koya mini ba sai na yi hankali. Na ce to mu haɗu ina da jikoki.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Aka kwantar da shi a falonmu. Inna ta tambaye shi ko zai sha ruwa, ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai hawaye.

Wata rana ina wanke-wanke na ji ana buga ƙarfen gado. Sai ga waƙar, tiryan-tiryan, ba harafin da ya faɗi. Na toshe hanci da kumfa a hannuna na amsa. Ya yi dariya da rabin fuska. Likita ya ce ana samun haka, mai ciwon ya kasa magana amma ya iya tsohuwar waƙa.

Kafili, wato ubangidansa, bai sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba. Wa zai riƙe direban da ba ya tuƙi? Aka mai da Kawu garinsu a Nijar, inda ba mai sanin amsar.

Yanzu duk Juma'a matarsa ke kira, ta kara masa waya a kunne. Ya buga gado, ya rera a buɗe masa. Muryar kullum raguwa take. Na nemi baitin ƙarshen a intanet har idona ya yi ja, amma ban san sunan wasan ba, shi kuma ba bakin faɗa.

Juma'ar da ta wuce ya buga, bai rera ba, yana jira. Abin da na iya shi na rera masa, cewa ba na nan. Ban toshe hanci ba, kuka ya riga ya toshe mini shi.