Dattijon Miri da Kambun da Bai Samu Ba

A shekarun da ake hayar kaset a Bauchi, majalisarmu a ƙofar shagon hayar kaset na wani abokina take, kan hanyar Gubi. Bayan la'asar muke haɗuwa, hirar kuwa ba ta wuce fim.

Wata shekara aka ba wani matashi ɗan ƙwalisa kambun gwarzon jarumi, aka tsallake wani dattijo manomi daga Miri. Dattijon ya fito ne a wani fim a matsayin uban da ɗansa ya nutse a ruwa. Akwai wurin da ake kawo masa takalman yaron, ya karɓa ya yi ta juya su a hannu. Matata sau ɗaya ta kalli wurin, ta ce kada in sake kawo kaset ɗin gida.

Ni ina bayan dattijon, mai shagon yana bayan matashin.

"Me yaron nan ya yi ban da rawa da sauya shadda?" na ce.

"Dattijon naka ai ba wasa ya yi ba," in ji mai shagon. "Ɗansa na cikinsa ruwan dam ya ci. Masu fim ɗin sun sani, shi ya sa suka nemo shi. Wanda ya yi kukan gaske, wace gwaninta ya nuna?"

Majalisa ta rabu biyu, aka yi ta musu har magana ta fita unguwa, ta kai Miri.

Wata ranar kasuwa sai ga dattijon bayan ɗan acaɓa. Ya yi sallama, ya ƙi zama, ya tambayi wane ne mai shagon.

"Ɗana, an ce ka ce ba wasa na yi ba. Gaskiyarka. Takalman ma nasa ne, su suka ce in zo da su. Aka yi ta sa ni maimaitawa, wai haske bai yi ba."

"Baba, ka yi haƙuri," in ji abokina.

"Ba kambu ya kawo ni ba. Hoton fim ɗin nan da ka manna a ƙofarka za ka cire mini. Nan uwar yaron take bi in za ta asibiti."

Abokina ya tashi ya ɓamɓare hoton a gabansa. Kaset ɗin dai ya ci gaba da fita haya, har ma fiye da da, domin labari ya bazu. Dattijon bai sake fitowa a fim ba. Rasuwarsa ma a bakin wani mai sayar da dawa muka ji ta, bayan an yi sadakar arba'in.