Ƙullin Ranar Alhamis

Duk wanda ya zauna unguwar Yara ya san Mama Schola. Scholastica ne sunanta, amma bakin mutanen Keffi ba ya son wahala. Doguwa ce siririya mai tabarau, tafiyarta kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Shekara talatin tana koyar da 'yan firamare, kuma ko bayan ta yi ritaya, in ta ce "Kai!" har magidanta sai sun gyara tsayuwa.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne ƙullin Alhamis. Kowace mace a zumuntar matan cocinsu, kafin ta ɗora girki, sai ta damƙi hannu ɗaya na masara ko wake ko shinkafa ta zuba a wani ɗan bokiti. Ranar Laraba a haɗa a ƙulla a leda. Alhamis da hantsi Mama Schola ta ɗauki jaka ta bi gidajen marayu da matan da suka rasa mazansu, ba ruwanta da ko coci suke zuwa ko masallaci.

Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta lanƙwasuwa. A ajiye ƙulli a bakin ƙofa a juya, ba sallama ba gaisuwa. In an tarar da matar gida a waje, a wuce kamar hanya ce ta biyo da mutum, sai ta shiga a dawo.

Dokar tana da tushe. Shekarar da mijinta Haggai ya rasu ya bar ta da Jethro a goye, an kira sunanta ranar Lahadi a gaban jama'a, ta fito ta karɓi shinkafa ana tafi. Ta ce har shinkafar ta ƙare ba ta ji daɗin loma ɗaya ba. Shi ya sa ranar da wata ta ɗaga waya za ta ɗauki hoton rabo, Mama Schola ta wanke ta tas, har yau matar ba ta sake ba.

Lea, telar nan ta kusa da kasuwa, shekara biyu tana tsintar ƙulli a ƙofarta bayan hatsarin da ya ci mijinta a hanyar Abuja, ya bar ta da yara uku. Da ta farfaɗo sai ta shiga aikin. Wata rana ta tsaya hira a gidan da ta kai wa, labari ya iso kunnen Mama.

"Lea, ke 'yar aike ce ko baƙuwa?"

"Yi haƙuri, Mama. Na ga kamar tana son magana ne."

"Ba magana muka kai mata ba. Ki bar mata mutuncinta."

Lea ta riƙe wannan kamar karatun allo.

Sai gwiwoyin Mama Schola suka ce sun gaji. Jaka ta koma hannun Lea. Watan farko 'yan zumunta suna leƙowa bayan sujada, su yi addu'a su tashi. Daga nan ƙafa ta ɗauke, don kowa da abin da ya dame shi, kuma gaskiya ana ɗan shakkarta. Jethro yana aiki a Abuja, yakan kira ranar Lahadi, kullum cikin sauri. Sauran kwana shida daga ita sai rediyo. A nan ne ta lura cewa shekara ashirin tana bin ƙofofin mutane, ba ta taɓa zama a tsakar gidan kowa ba, ba wanda ya saba zama a nata. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, amma ko a addu'a ba ta faɗe shi da ƙarfi.

Wata Alhamis ta ji motsin leda a waje. Kafin ta lallaɓa ta buɗe ƙofa, ba kowa. Ga ƙullin wake, an ɗaure bakinsa sau biyu irin ɗaurinta. Ba ta ji haushi ba, ba ta kuma rasa abinci ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne mutum ya zo har ƙofarta ya koma.

Alhamis ta gaba ta yi wanka da wuri, ta ɗaura zanen zumunta, ta dama kunun gyaɗa. Da ƙyar ta jawo kujeru biyu zuwa bakin ƙofa, ta ajiye kofi biyu, ta zauna.

Can sai ga Lea ta karyo kwana da jaka a ka. Ta hango Mama. Ta sunkuyar da ido, ta tsallaka ɗaya gefen titi, ta wuce kamar mai zuwa kasuwa. Mama Schola ta buɗe baki za ta kira ta. Ga mai shago yana kallo, ga 'yan acaɓa a gindin mangwaro. Macen da ba ta taɓa roƙon komai ba, sai ta bar ta ta wuce.

Ta san abin da zai biyo baya, ita ta tsara shi. Lea za ta yi ta zagaye har sai ƙofa ta zama ba kowa, ga gidaje masu yara suna jira. Kunu ya huce. Ta tashi ta ja kujerun ciki ɗaya bayan ɗaya, ta tura ƙofa, ta zauna a bayanta.

Ba a jima ba ta ji takun silifa, sannan motsin leda.

"Na gode, 'yata," ta ce a hankali.

Takun bai tsaya ba. Ai ta koyar da ita da kyau.