Yatsan da Hajiya Balaraba Ba Ta Sa wa Lalle

Ina bakin aiki a Gwaram da hantsi, ina auna wani jariri, aka kira ni daga Birnin Kudu aka ce Hajiya Balaraba ta cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na miƙa jaririn ga uwarsa, na nemi benci na zauna.

A hannunta na koyi aikin jinya, a ɗakin bakwaini. Jaririn da ya zo kafin lokacinsa bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba, shi ya sa ake ba shi nono ta siririyar roba a hanci, kuma ba a sallamarsa sai ya iya sha da bakinsa. Koya masa shan nan shi ne aikin Hajiya, kuma har yau ban ga na biyunta ba. Takan wanke hannu fes, ta ɗiga nonon uwar a ƙaramin yatsanta na dama, ta shafa a leɓen yaro, ta jira. Wallahi jiran nan har haushi yake ba mu, mu masu gaggawar ƙuruciya. Sai ta ce, "Ba ƙin nono yake ba, numfashi yake nema. Ku bar shi ya huta."

Saboda wannan aiki ba ta sa wa yatsan nan lalle. A gidan biki za ki ga hannunta jawur, yatsa ɗaya fari tas. In mun tsokane ta mun ce ko lallen ne ya ƙare, sai ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, na 'ya'yan mutane ne."

Ni ma sai ga shi na haifi ɗana Sadiku a wata bakwai, duk abin da na sani ya gudu ya bar ni. Yaro ya daɗe da roba a hanci, in an kai masa nono sai ya kau da kai. Surukata Inna ta taho daga Kwandiko da ɗan kofinta, ta ce da ɗura ta raini 'ya'ya da jikoki, a miƙo shi ta ɗura masa kowa ya huta. Na san in aka yi haka zai ƙware, nono ya bi masa ta huhu, mu rasa shi. Amma ina ni ina musu da uwar mijina?

Hajiya ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Inna, kin riga ni sanin raino. Sai dai wannan maƙogwaronsa bai yi ƙwari ba tukuna. Ara mini idonki. Ki duba ƙirjinsa, da kin ga yana haki ki ce in tsaya." Inna ta ajiye kofi. Daga ranar, kowace safiya tana zaune tana gadin ƙirjin jikanta, tana ba Hajiya umarni kamar ita ce likita, Hajiya kuwa tana cewa to.

Ranar da Sadiku ya damƙi yatsan ya ja, Hajiya ta zare a hankali, ta ɗora mini shi a ƙirji, ya kama. Na fashe da kuka. Inna ta rangaɗa guɗa a ɗakin da aka hana hayaniya, Hajiya ta yi kamar ba ta ji ba. Yau in aka haifi bakwaini a Kwandiko, Inna ce ke tsayawa ta hana ɗura, ta ce a tafi asibiti.

A wurin ta'aziyya na ga mata daga Kangire da Unguwar Ya, kowacce riƙe da yaro, wasu ma yaran sun fi iyayen tsawo. Nawa Sadikun yana gefe ya sa kwanon tuwon sadaka a gaba. Ina alfahari, kuma zan faɗa ko'ina, cewa matar nan ce ta koyar da ni.

A nan 'yarta ta ba mu labarin Sallar da ta wuce. Hajiya na kwance ba lafiya, 'yar ta zo ƙunsa mata lalle, ta ce, "Mama, tunda kin bar aiki, yau duka zan sa." Sai Hajiya ta naɗe yatsan ta ce, "Bar shi dai, ko za a kawo wani."

Allah Ya jiƙan Hajiya Balaraba, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta. Yadda ta yi haƙuri da 'ya'yanmu har suka sha, Allah Ya shayar da ita daga Alkausara. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙurin rashi, Ya zama gatansu a bayanta. Amin.