Oba-obar Malam

Kafin mu zo Masar, mijina, Malam, ɗan agaji ne a Gusau. Duk sallar idi ko tafsirin azumi za ka gan shi cikin kaki, oba-oba a kafaɗa, yana tsara sahu kamar filin na gadonsa ne. Da ya samu gurbin karatu a Alƙahira, shugabansu ya ba shi aron oba-oba guda biyu, wai ɗaliban Najeriya su riƙa amfani da su wajen taro. Ni na cusa su ƙasan jaka tsakanin kuka da daddawa, kuma babu wanda ya buɗe jakar a filin jirgi. Na taɓa tambayarsa ko ana neman izini a nan. Ya yi mini dariyar da maza ke yi wa mace idan ta yi tambayar da ba su san amsarta ba, ya ce ƙananan nan ba sa bukatar takarda a ko'ina a duniya.

A sanyin farkon 2011 gari ya rikice. Muna zaune a Madinat Nasr, hawa na biyar, ni da tsohon ciki. An yanke layin waya, da aka dawo da shi ma sai ka yi ta kira bai shiga ba. 'Yan sanda suka ɓace daga titi, samarin kowace unguwa suka tare bakin layinsu da benci da duwatsu, riƙe da gora da wuƙaƙen kicin, suna binciken duk mai shigowa. Wata safiya gurasa ta ƙare mana. Malam ya zaro oba-obar nan daga kan kabad yana murmushi, kamar wanda ranarsa ta zo. Ya nuna mini inda zan danna, ya ce in na ji ko da ciwon mara ne in kira shi. Ya jefa tasa a aljihun jallabiya ya sauka.

Bai daɗe da fita ba maƙwabciyarmu ta shigo duba ni. Dattijuwa ce Bahaushiyar Sudan, kakanninta 'yan Katsina ne da suka tsaya a hanyar Makka, Hausarta rabi Larabci. Inna nake ce mata. Tana ganin abin a kan cinyata ta mayar da ƙofa ta murza makulli.

“Ya bitti, 'yata, wannan lasilki ne. Wa ya ba ku?”

Na ce na Malam ne, na aikin agaji.

“Ɗayan fa?”

“Yana aljihunsa.”

Sai ta zauna a ƙasa, ita da ke kukan gwiwa kullum. Ta ce a ƙasar nan ko ɗan gari bai isa ya riƙe irin wannan ba sai da takardar hukuma, mijinta ya yi tuƙi a kamfani, ta san wahalar da ake sha kafin a samu. Balle baƙo, balle a kwanakin nan da talbijin ke cewa baƙi ne suka shigo da fitina. Ta ce in samarin bakin layi suka laluba aljihun baƙar fata suka ciro lasilki, ba za su tambaye shi sunan makarantarsa ba. In ya yi sa'a su miƙa shi ga soja a matsayin jasus, ɗan leƙen asiri. In bai yi sa'a ba, ba za a kai ga sojan ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ɗan cikina ya dunƙule waje guda. In na kira shi, muryata za ta fito daga aljihunsa a tsakiyar layin gurasa, da yaren da babu mai ji. In na yi shiru, zai dawo da ita har hannun masu bincike. Ina cikin wannan lissafi abin ya yi ƙara a cinyata, sai ga muryarsa tar, irin ta filin idi.

“Gida, gida, kuna ji na? Na samu layi.”

Na danna da hannu biyu. Na ce, “Malam, don girman Allah ka jefar da ita yanzu. Inna ta ce haramun ce a nan, kama mutum ake yi. Kada ka dawo da ita.” Na ji shuuu na ɗan lokaci, sannan ya ce, “To,” shi ke nan.

Inna ta karɓe tawa ta juya baya tana wani abu da ita, ta miƙo mini. Hankalina ba ya wajen, ban ko duba ba. Na fita baranda na tsaya, daga nan ana hango bakin layinmu. Na ga an tsayar da wani mai babur an sa shi ya cire takalmi. Na ga an zazzage jakar wata tsohuwa. Duk addu'ar da na sani na karanta, wasu na haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Inna tana bayana tana cewa, “Khalas, ya isa, ya ji maganarki, zauna,” ni kuwa na san mijina. Mutumin da bai taɓa yar da ko tsohuwar jarida ba.

Wajen azahar na hango shi, gurasa jere a kan ɗan katako bisa kafaɗarsa, yana nufo samarin kai tsaye. Ban san lokacin da na ɗaga abin hannuna ba. Na danna na yi ta magana, “Malam, ga su nan gabanka, koma, kada ka biyo nan.” Na faɗa na sake faɗa, har suka tare shi. Suka laluba aljihunsa na dama da na hagu, suka duba fasfo, suka shafa ƙugunsa. Gurasar kuwa babu wanda ya taɓa. Mutanen Masar ba sa wasa da gurasa, ko a ƙasa suka tsinci gutsure sai su sumbace shi su ɗora a kan katanga. Wani ma gyara masa katakon ya yi, ya ce ya wuce. Na durƙusa a barandar ina kuka ina gode wa Allah da Malam ya ji magana sau ɗaya a rayuwarsa.

Ya shigo yana haki, ya ajiye katakon a kan tebur. Ya ɗaga gurasa ta sama, ya buɗe bakin ta ƙasa, ya zaro oba-obar daga cikinta da dusa a jikinta.

“Amana ce fa,” in ji shi. “Kayan mutane zan jefa a bola?”

'Yar jar fitilarta tana ci. Na tambaye shi me ya sa bai kashe ba. Ya ce saboda ni, kada naƙuda ta taso in kira ban same shi ba. Ya ƙara da cewa na kyauta da na yi shiru.

Na ce ban yi shiru ba. Na gaya masa abin da na faɗa, da inda yake tsaye lokacin da nake faɗa. Ya dube ni, ya dubi abin hannuna. Inna ta kwance bakin mayafinta, ta zube batiran tawa a kan tebur kusa da gurasar.

Murmushin ya bar fuskar Malam. Ya nemi kujera ya zauna, ya daɗe yana kallon batiran. Can ya ce in miƙo masa turmi da taɓarya, kuma da ya karɓa ya jefa oba-obar duka biyu a ciki, ya ɗaga taɓaryar.