Gwiwar da Aka Shata da Alli

Shekara arba'in Baba Tela yana taka keken ɗinki da ƙafar dama, a wani ɗan shago da in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Da keken ya yi aure, da shi ya aurar. Kwatsam sai gwiwar ta kumbura suntum, ta ƙi lanƙwasuwa.

Babban ɗansa, wanda tun da ya fara aikin ofis yake ganin ya fi kowa hankali, ya yanke hukunci: "Baba, sati biyu. In kumburin bai sauka ba, sayar da keken za mu yi, ka huta."

Tsoro ya kama tsohon sosai. In babu keke, wa zai ƙara kiransa Tela?

A asibiti likita ta ba shi ƙwayoyi. "Akwai wani sinadari a jiki mai hura wutar kumburi, shi maganin nan yake taka wa burki. Amma sai ka ci abinci tukuna, kada ya ƙwaƙule maka ciki."

"To 'yata, yaya zai gane ta dama ce? Gwiwa biyu gare ni."

"Jini zai kai shi ko'ina, Baba."

Ina! Mutumin da ko aljihu bai taɓa yankawa ba sai ya shata, shi za a ce ya saki magani ya yi ta gararamba? Kullum sai ya zana wa gwiwar alama da allin ɗinki, ya haɗiyi ƙwayar, sannan ya karkace dama ya tsaya kamar tsohuwar katanga, wai don ta gangara daidai.

"Maigida, wando za a fitar a ƙafar?" in ji matarsa.

"Ke dai ki yi ta dariya."

Ranar da wa'adi ya cika, ɗan ya iso da mai saye. Baba ya zauna ya taka da ƙafar dama. Keken ya ɗauka, kar-kar-kar. Nan take ɗan ya tuna da yarintarsa. Da wannan ƙarar yake barci yana jariri, a kan tarin ƙyallaye. Kunya ta rufe shi, ya sallami mai sayen, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Wuyan ne ke ciwo?" in ji Baba, ya zaro allinsa. "Sunkuyo in shata maka."

Ya kuwa sunkuya.